Teburin Jibi da Kujerar Babban Yaya

A gidan Dattijo ba a taka keken ɗinki ranar Lahadi. Saboda haka rannan da aka taso daga coci, Auta ta shimfiɗa rigar aurenta ne kawai a kan doguwar kujerar falo, tana kallonta, tana gyara alluran da ta soke a bakin jelar. Farar riga ce, jelarta ta fi tsawon mutum, kuma ita ta yanka ta da hannunta, don tela ce.

Goggo, yayar mahaifinta wadda ta rene ta tun rasuwar uwarta, tana gefe tana fifita.

"Ki yi ta kallo," in ji Goggo. "Rigar da ba a sa mata rana ba, da ita da labule duk ɗaya."

"Goggo, yau ce fa Lahadi ta huɗu. Yau Baba zai ba da amsa."

Ga yadda maganar take. Wani saurayi kafinta ne yake neman Auta, yaro mai ladabi, ba wanda ya taɓa jin kansa da kowa. Sai dai ba cocinsu ɗaya ba. Shi yana zuwa wani sabon coci ne da wansa ya kafa shekara shida da suka wuce a cikin wani tsohon sito, inda kowa yake kiran wan nasa Babban Yaya. Da iyayen Kafinta suka zo neman aure, Dattijo, wanda dattijon ikkilisiya ne a tsohon coci, ya ce ba zai ce e ko a'a ba sai ya je ya zauna a cocinsu Lahadi huɗu a jere.

Lahadi uku yana dawowa da mita tun daga bakin ƙofa. Ta farko, ganguna sun toshe masa kunne. Ta biyu, an sa shi cire takalmi alhali safarsa da huji. Ta uku, wata mata ta yi ta magana da harshen da ba wanda ya sani, daga ƙarshe ta zube a kan ƙafarsa mai ciwo. Kowace rana Goggo sai ta tafa hannu ta ce, "Ka gani ko? Wannan ba coci ba ne, gidan rawa ne."

Shi kuwa tsohon safiyo ne, ya yi shekara talatin yana auna filaye. Sai ya ce, "Yaya, abin da mutum ya shuka a cikin filinsa ba ruwana. Su yi tsalle, su yi kuka, su cire takalmi. Ni duwatsun iyaka nake dubawa, kuma har yanzu nasu suna nan inda aka kafa su."

Amma yau da aka turo ƙofa, ba mita. Dattijo ya shigo, ya zauna bai cire hularsa ba. Ya daɗe yana kallon rigar.

"Baba, sannu da zuwa. In kawo ruwa?"

"Sun rufe addu'a da suna biyu," in ji shi.

Goggo ta daina fifita.

"Cikin sunan Yesu, da sunan bawansa wanda ya zo ya cika aikin. Haka suka faɗa, dukansu, baki ɗaya. Na duba gaba, ban ga teburin Jibin Ubangiji ba. Teburin nan namu ne, ni na roƙi dattawa aka ba su lokacin da suke su goma sha bakwai a kan tabarma. Na tambayi wata tsohuwa yaushe rabonsu da cin Jibi, ta ce wata bakwai ke nan."

"To ina teburin?" Auta ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Ki tambayi kafintanki." Ya numfasa. "Ban ce a'a ba, Auta. Ban kuma ce e ba. Ki dai ninke rigar ki ajiye."

Washegari da safe ta tafi shagon Kafinta, tef ɗinta rataye a wuya kamar kullum. Ta same shi cikin garin katako har gira. A tsakiyar shagon ga teburin nan a kife a kan benci biyu, ƙafafunsa a sama, an ja masa layuka da alli ta ko'ina. A jikin bango an manna zanen wata kujera mai dogon baya da matakala uku.

"Madam Keke da kanta," in ji Kafinta, yana ƙoƙarin dariya. "Kin zo duba gadonmu ne? Saura folish kawai."

"Na zo duba wannan."

Ya ɗauki sandfefar goge katako ya ajiye. "Oda ce Yaya ya ba ni. Auta, katako ne fa. Tsohon katako mai kyau, ba ya ji, ba ya gani. Ku a cocinku bauta wa teburi kuke yi?"

"Ba ma bauta masa. Da ƙafarsa ce ta karye ka mayar da shi benci, ni zan fara zama a kai. Amma ga katako nan cike da shagonka. Me ya sa sai daga wannan za a yi kujerar?"

Kafinta ya dubi teburin. Can ya ce, "Yaya ya ce dole sai daga shi."

"Kai kuma ba ka tambaya ba."

"Ba ki gane ba ne. Ranar da babanmu ya rasu ina da shekara huɗu. Yaya ne ya bar makaranta ya goye ni. Shi ya kai ni wurin koyon aikin nan. Na ga mashaya sun bar giya a cocin nan, na ga matan da mazajensu suka daina duka. Ki ce duk wannan ƙarya ne?"

"Ban ce ƙarya ba ne."

Tana maganar, hannunta ya zare tef daga wuya ba tare da ta yi niyya ba, kamar yadda yake yi duk inda ya ga abu mai faɗi. Ta auna tsawon teburin, ta auna faɗinsa. Tana cikin naɗe tef ɗin ne hasken ƙofa ya ragu.

Babban Yaya ne, cikin farar riga har ƙasa. Mutum biyu suka tsaya a waje, suka ba shagon baya. Ba shi da tsawo, ba ya kuma ɗaga murya. Sai mutum ya karkata kunne kafin ya ji shi. Auta ta durƙusa ta gaishe shi.

"Amaryarmu," in ji shi. "Na ga kina jimamin teburi. Bari in sauƙaƙa miki. An ba mu gurasa da ƙoƙo ne don mu riƙa tunawa, kafin a aiko wanda zai cika aikin. In mai hoto ya shigo ɗaki da kansa, me za a ƙara yi da hoton?"

Auta ta ce, "Yaya, a gafarce ni, ni tela ce, ban yi makarantar fastoci ba. Amma abin da aka koya mini shi ne aikin ya cika tun a kan gicciye. Wanne ne ya rage?"

Ya yi murmushi, ya daɗe yana kallonta har ta sunkuyar da kai.

"Ki gaida Dattijo. Shi ya koya mini karatu a makarantar Lahadi, ban manta ba. Jiya na ga inuwa a kafaɗarsa ta hagu. Ki ce masa ya daina auna abin da ya fi igiyarsa tsawo." Sai ya juya ga ƙaninsa, ya dafa kansa. "Lahadi ta uku daga jiya zan zauna a kanta. A kanta kuma zan ɗaura aurenku, ku durƙusa a matakalar ku yi alkawari da sunan da aka ba mu. Hannun da ya ja baya daga aikin nan, ƙanina, ba zai ƙara riƙe guduma ba."

Bayan ya fita, Kafinta ya tsaya yana kallon tafin hannunsa na dama. Auta ta rataya tef ɗinta ta fita.

Kwana tara bayan haka, Dattijo yana ba shukokinsa ruwa a tsakar gida, bokitin ya suɓuce daga hannunsa na hagu, ya bi shi ƙasa.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma an kawo shi da wuri. Auta tana zaune a bakin gado tana kallon hannun nan da ya kwanta a kan zanin gado kamar ba nasa ba. Kafaɗar hagu. Duk yadda ta kori maganar sai ta dawo. Kafin azahar labari ya zaga ko'ina, mutanen da ba ta sani ba suna leƙowa ta taga su wuce.

Rana ta biyu Inna, mahaifiyar Kafinta da Babban Yaya, ta zo. Tun daga ƙofa ta durƙusa tana kuka.

"'Yata, ki ji tausayin mahaifinki. Ku kawo shi ya roƙi gafara, a ɗora masa hannu. Tun yana ƙarami yaron nan in ya faɗi abu sai ya faru. Ni da na haife shi tsoronsa nake ji."

Goggo ta miƙe kamar an tsikare ta. "Fice mana daga nan! Kun jefe shi, kun kuma biyo shi har gadon asibiti? Auta, ciro zoben nan ki ba ta yanzu. Matsafa kawai, daga mai gangarsu har mai sharar cocin."

"Yaya," in ji Dattijo. Bakinsa ya karkace, maganar tana fita da ƙyar. "Ki bar ta. Lahadi huɗu ina zaune a bayan matar nan. Na ji yadda take addu'a. Ta fi ki."

Goggo ta koma ta zauna.

"Auta, duba aljihun kwat ɗina," in ji Dattijo.

Ta zura hannu ta ciro ƙwayoyin magani cike da tafinta, fari da ruwan hoda.

"Shekara goma sha ɗaya ina da hawan jini. Wata biyu ke nan ina ɓoye su, don suna sa ni jiri. Ranar Lahadin nan ina tafiya ina jan ƙafa. Yaron yana da ido, shi ke nan." Ya huta kaɗan. "Amma ko da wahayi ya gani, ko da ya faɗi ranar mutuwata daidai, Inna, ba shi ya mutu dominki ba. A nan dutsen iyakar yake."

Inna ta share hawaye ta fita.

Da suka rage su biyu, Auta ta kifa kai a kan gadon ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. "Baba, bari in je in sami Kafinta. In na ce ya zaɓa tsakanina da kujerar, na san ni zai zaɓa."

"Na sani. Shi ya sa ba za ki je ba. In ya fito saboda ke, wata rana zai koma saboda uwarsa. Ki bar shi da teburin. Ki jira."

Jiran nan ya fi komai wuya. Wayarta ta yi shiru. Sau biyu ta ga sunansa ya haska ya ɗauke kafin ta ɗaga. Wata kwastoma da ta zo karɓar ɗinki ta ce ta wuce ta shagon ta ji ƙarar zarto tun safe. Goggo kuwa kullum sai ta ajiye mata wani ƙaramin akwati a kan keke, wai na mayar da zobe.

Ranar Juma'a kafin Lahadin da aka sa, Auta ta ciro rigar aurenta daga akwati. Ta shimfiɗa ta a kan teburin yanka, ta auna jelar, ta ja layi da alli. Almakashi ya shiga farin yadin yana ƙara kamar ana ɓare wani abu mai rai. Ta kwashe yini tana kalmasa bakin, kusurwa huɗu, daidai awon da hannunta ya ɗauka a shagon. Goggo ta tsaya a ƙofa ta ga rigar ba jela, ta ce, "Yarinyar nan ta zare," ta wuce.

Asabar da hantsi ta kai wa Inna a ninke cikin takarda.

"Ki kai masa, Inna. Ba saƙo."

Inna ta buɗe gefe ɗaya. Shekara biyar ita take wanke ƙyallen teburin Jibi a cocinsu, ba ta bukatar a gaya mata ko mene ne. Ta ɗago ta dubi Auta.

"Kin san abin da kike ɗora mini?"

"Yadi ne kawai, Inna. Ba ya ji, ba ya gani."

Ranar Lahadi Auta ba ta je cocinsu ba. Ta tafi tsohon siton, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a layin baya inda mahaifinta ya riƙa zama. Wurin ya cika maƙil. An rufe tagogi, fankoki suna juya iska mai zafi. Ganguna suka yi ta tashi har ƙirjinta yana amsawa. A gaba, inda teburin yake a da, an shimfiɗa jan kafet, Babban Yaya yana tsaye a gefensa, hannuwansa a harɗe.

Sai ƙofar gefe ta buɗe. Mutum huɗu suka shigo da wani abu babba lulluɓe da tamfol, Kafinta yana biye da su. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Aka sauke kayan a kan kafet. Gangunan suka tsaya cak.

Kafinta ya kama bakin tamfol ya ja.

Teburin ne. Ƙafafunsa huɗu a ƙasa, an goge allin, an shafa masa folish yana sheƙi, farin ƙyalle ya rufe shi daidai, ba ragi ba ƙari. Auta ta toshe bakinta da hannu. A cikin siton nan ba abin da ake ji sai fankoki.

Kafinta ya durƙusa a gaban wansa.

"Yaya, kai ka goye ni. Sati uku ina yanka wani katako don kawai in ji ƙarar zarto, na kasa ɗora shi a kan wannan. Duk kujerar da kake so zan yi maka, da katakon da ya fi wannan, in kai maka har gida. Amma a kan teburin nan kai da bakinka ka gaya mini wanda ya mutu domina. Ba sunanka ka faɗa ba, Yaya."

Babban Yaya bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya, amma har layin baya aka ji shi.

"Ka dubi hannun nan da kyau, don ka gama aiki da shi." Ya miƙe. "A fitar da shi da katakonsa. Inna, kina da 'ya'ya biyu da safen nan. Ki zaɓi wanda za ki koma gida da shi."

Ba wanda ya motsa. Mutanen huɗu da suka shigo da teburin suka ja da baya. Kafinta ya kama gefe ɗaya shi kaɗai, ya ɗaga, teburin ya ƙi tashi.

Sai Inna ta miƙe daga wurin zamanta. Tana tafiya tana dafa kujeru, ta zo ta kama kusurwa ɗaya. "Biyu na haifa," in ji ta, "biyu kuma nake da su. Amma ba zan yi addu'a da sunan wanda na yi wa wanka ba."

Auta ba ta san lokacin da ta ratsa tsakiyar mutane ba. Ta kama kusurwa ta uku. Tsohuwar nan da ta yi wata bakwai ba ta ci Jibi ba ta kama ta huɗu, sai ga wani mai ganga ya ajiye gangarsa ya zo ya karɓe ta. Haka suka fita da shi cikin rana, mutum talatin da 'yan kai suna bin su ba takalmi. Sauran suka zauna. Kafin su kai bakin titi, an rufe ƙofa a bayansu, gangunan suka sake tashi.

Ba a yi auren nan da nan ba. Dattijo ya ce sai ya iya taka ƙafarsa ya kai 'yarsa da kansa, kuma wannan ya ɗauki wata biyar. A cikin watannin nan rabin kwastomomin Kafinta suka daina zuwa, wasu in sun hango shi sai su tsallaka titi. Kowace safiya kafin ya buɗe shago sai ya dunƙule hannunsa ya buɗe, ya dunƙule ya buɗe. Abin da ya sami hannun duka bai wuce guduma da ya buga wa babban yatsansa ba, ranar da Auta ta leƙo ba zato.

An ɗaura auren ne a wani ajin makaranta da mutanen talatin suke haya, tsohon faston su Dattijo ya zo ya sa albarka, aka ci Jibi a kan teburin. Ganguna suka toshe kunnen kowa. Dattijo ya cire takalminsa a bakin ƙofa yana mita, amma ya sa sabuwar safa. Rigar amarya ta tsaya a idon sawu. Goggo ta rantse ba za ta yi rawa a gidan rawa ba, daga baya sai da aka riƙo ta.

Babban Yaya bai zo ba. Ya sa wani ya yi masa kujerarsa, yana can a kanta, siton kuma yana cika har yau. Amma a layin gaba na ajin nan akwai wata kujera ƙarama, irin ta kowa, da Kafinta ya yi da hannunsa. Ba mai zama a kanta. Kowace Lahadi Inna takan goge ta kafin a fara sujada.

To, ku 'yan mata da samari, ga abin da ke cikin labarin nan. Ba kowane baƙon abu ne ɓata ba. Kada ku kori ɗan'uwa don gangarsa ta fi taku ƙara. Amma ranar da mutum, ko da shi ya goye ku, ya nemi zama a wurin da ba na ɗan Adam ba, ku girmama shi, ku ƙi. In kuma wanda kuke so yana tsaka mai wuya, kada ku ja shi da ƙarfin soyayya. Auta ta yi haƙuri ta jira, ta rasa jelar riga, ta sami mijin da ya tsaya da ƙafarsa.